Yadda za ku haɗa wa yara shirin hutun kaka a holin unguwa, mu nan Legas

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan shirin da muka yi wa yara bara a holin unguwarmu nan Agege mutane ke ta kirana a waya, wai yaya muka yi, wa ya ba mu izini, ina muka samo kayan, har daga Idi-Araba da Alaba Rago an kira, shi ne na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai yi masa amfani a unguwarsu.

Asalin abin daga ɗan ƙanwata ne, yaro ɗan shekara tara, a nan aka haife shi. Wani direban babbar mota maƙwabcinmu ya dawo daga Arewa ya kawo mana tsarabar zangarniyar gero sabon yanka, na miƙa wa yaron guda ɗaya na ce ka san wannan? Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce Kawu ba abin wanke kwalba ba ne? Na ce a'a gero ne, da shi ake furar da kake sha, kaka ce ta yi a gida. Sai ya ɗago kai ya ce kakar wa? Wallahi jikina sanyi ya yi. Yaron nan Yarbanci a bakinsa kamar ɗan Ibadan, ya san kowace tashar danfo daga Pen Cinema har Oshodi, amma bai san akwai lokacin da ake kira kaka ba, bai taɓa ganin dami ba balle rumbu. Kuma ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu nuna musu ba, in ma an kai su gida sai da sallah ko dogon hutu, lokacin gona tana kore ko kuma an riga an share ta.

A Amurka da Ingila irin wannan lokacin ne ganyen itatuwa ke zuba, cibiyoyin unguwanninsu su tara yara suna fafe kabewa saboda Halloween na ranar 31 ga Oktoba, Amurkawa kuma su yi bikin godiyarsu ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Wannan nasu ne, can ya dace da su. Mu abin da muke da shi a waɗannan watannin kaka ce, sabuwar gyaɗa, sabon gero, masara, rake, kalankuwa da dambe da kokawa a dandali bayan an kai amfani gida. Kuma abin da mutane ba su lura ba, kakar nan da ƙafarta take zuwa Legas kullum a bayan tirela, a Mile 12 take sauka. Aikinmu kawai mu ɗauko ta daga kasuwa mu shigar da ita hol mu ajiye gaban yara.

To maganar rana tukuna. Dama biyu gare ku, hutun 1 ga Oktoba da kuma hutun tsakiyar zango da makarantu ke bayarwa wajen ƙarshen Oktoba, kwana biyu uku ne a haɗa da Asabar da Lahadi. Ni shawarata babban shirin ku sa shi a na tsakiyar zangon, don lokacin sabon amfani ya wadata a kasuwa kuma ruwan sama ya fara ja baya. Kun san halin Legas, bayan ɗan hutun da ruwa ke yi a Agusta sai ya dawo a Satumba da Oktoba, yana iya kecewa da rana tsaka ba sallama, saboda haka duk abin da za ku tsara ku tsara shi yadda in an yi ruwa za a iya kwashe shi a shiga ciki cikin minti biyar. Makarantun gwamnati da na kuɗi ba kullum hutunsu ke haɗuwa ba, ku tambayi iyaye a guruf ɗin WhatsApp na unguwa ku ɗauki ranakun da suka fi haɗa yara da yawa. Sannan kafin ku sanar da komai ku je wajen malaman Islamiyya da kanku, ba saƙo ba. Asabar da Lahadi da safe lokacinsu ne, in kuka ɗora shiri a kai ba tare da an gaya musu ba to kun jawo wa kanku magana, kuma suna da gaskiya. Mu da muka je muka ce Malam ga abin da muke so, shi da kansa ya ce a ba shi rabin awa a ciki, kuma daga baya rabin awar nan ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi armashi, zan zo kanta.

Kwamiti kada ya wuce mutum bakwai, kuma lalle a sa mata aƙalla uku, ba don cika lissafi ba, su ne suka san wane yaro ne ba shi da lafiya, wace uwa ce ba za ta bar 'yarta ta fito ba sai ta ga fuskar da ta sani. A sa matashi ɗaya ko biyu masu jini a jika, a sa dattijo ɗaya wanda in ya yi magana ake ji. Daga nan sai gaisuwa. Ku je fadar Sarkin Hausawan yankinku ku sanar, ku je wajen shugaban CDA, wato ƙungiyar ci gaban unguwa, na layinku, in akwai Baale, wato mai unguwar Yarabawa, ku gaishe shi shi ma, ku ce kuma 'ya'yan maƙwabta Yarabawa da Ibo duk wanda yake so ya zo ƙofa a buɗe take. Wannan gaisuwar ba ta cin ko sisi amma ita ce za ta sa ranar da ganga ta tashi ba wanda zai kira hukuma ya ce an dame shi, kun dai san LASEPA, hukumar kare muhalli ta Legas, ba ta wasa da maganar ƙara. Lasifika ɗaya ƙarama ta isa, a juya ta ciki, a kashe in an kira sallah, a kuma tashi kafin magariba.

Shi hol ɗin ku je ku duba shi da idonku sati biyu kafin ranar, kuma in da hali ku je ranar da aka yi ruwa, a nan za ku ga inda rufi ke yoyo da inda kwata ke ambaliya ta tare ƙofa. Ku ɗaga kai ku duba fankoki, ku duba soket ɗin da ya fashe wanda yaro zai iya tura yatsa, ku buɗe banɗaki ku gani da ruwa ko babu. Ƙofa ta biyu in an kulle ta da kwaɗo a nemo makullin a buɗe ta ranar. Janareto a ajiye shi waje can nesa da taga, hayaƙinsa kisa yake a rufaffen wuri, kuma mai a jarka kada ya kwana kusa da inda mata za su hura wuta. Duk abin da kuka yi yarjejeniya da mai kula da hol, awa nawa, kujeru nawa, wa zai sayi mai, wa zai yi shara, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Shekarar farko mu da baki muka yi, ranar muna zuwa muka tarar an ba wasu masu suna rabin kujerun, ba yadda muka iya sai tabarmi muka aro daga masallaci.

Kuɗi kuma, nan ne ake ɓatawa. Ku yi karo-karo, ku sa abin da kowane gida zai bayar ya zama kaɗan yadda mai tura baro ma zai iya, kuma marayu da waɗanda ba su da hali a shigar da su shiru ba tare da an kira suna ba. Mutum biyu su riƙe lissafi, duk tiransifa da ta shigo da duk abin da aka saya a rubuta, daren da aka gama a tura hoton littafin a guruf. Amma gaskiya abin da ya fi kuɗi amfani shi ne kaya. Ɗan kasuwa in ka ce ya ba da kuɗi sai ya ce ciniki ba daɗi, in ka ce Alhaji yara ne za mu nuna wa kaka, a taimaka mana da tiya biyu ta gyaɗa, sai ka ga ya ƙara da rake. 'Yan siyasa kuwa in sun kawo gudummawa a karɓa a yi godiya, amma ban yarda a rataya fostar kowa a bangon da yara ke zaune ba, ranar ta yara ce.

Yanzu kayan kaka, wanda shi ne zuciyar abin. Tun sati uku kafin lokaci ku nemi direba ko ɗan kasuwa mai sauke kaya daga Kano, Katsina, Jigawa ko Sakkwato ku roƙe shi ya ɗoro muku dami ɗaya na gero da zangarniyarsa, ba sussukakke ba, don shi ne ba a samu a kasuwa. Ya haɗo da gyaɗa da ganyenta yadda aka tuge ta, 'ya'yan na reto a jikin saiwa, yara da yawa sun ɗauka a kan bishiya take fitowa kamar mangwaro. Ya haɗo da busasshen karan dawa na bara rungume biyu, tunda sabuwar dawa sai wajen Nuwamba zuwa Disamba ake yanka ta. Sauran, masara da ɓawonta, kabewa, rake, wake, aya, zoɓo, kuɓewa busasshiya, duk za ku samu a Mile 12 ko kasuwar da ke kusa da ku, sai dai kada ku tafi sayayya Alhamis da sassafe, ranar sharar kasuwanni ce ba a buɗewa sai wajen ƙarfe 10. Turmi da taɓarya, faifai, matankaɗi, ƙwarya, ludayi, waɗannan a gidajen tsofaffin unguwa za ku aro, ku rubuta sunan mai shi a ƙasan kowanne don a mayar.

Yadda muka yi, mun shimfiɗa tabarma babba a tsakiyar hol muka baje komai a kai, ba mu rubuta sunan ko ɗaya ba. Yara suka shigo rukuni rukuni, goma goma, kowa ya taɓa ya shinshina ya faɗi abin da yake zato, sai wata tsohuwa da muke kira Inna, wadda ta yi noma da hannunta kafin aure ya kawo ta Legas, ta zauna kan kujera 'yar tsugune tana ɗaga abu ɗaya ɗaya tana faɗin sunansa da yadda ake shuka shi. Daga nan aka fita baranda aka yi abin gaba ɗaya a gabansu, aka zuba zangarniya a turmi aka sussuka, aka shiƙe a faifai iska ta kwashi ƙaiƙayi, aka surfa, aka wanke, aka daka. Da tsabar geron ta fara zubowa daga faifai tana ƙara a cikin ƙwarya sai hol ɗin ya yi tsit, wata yarinya ta tsuguna ta tara hannu a ƙasa tana cewa Inna ƙara, ƙara. Ku bar kowane yaro ya ɗaga taɓarya ko sau uku ne, manyan 'yan mata su gwada lugude. Amma ku kula da ƙaiƙayi, yana sa ƙaiƙayin jiki kamar sunansa kuma yana shiga ido, a yi shiƙar a waje, a tsayar da yara ta inda iska ke fitowa ba inda take tafiya ba, masu asma kuma su tsaya nesa su kalla. Furar da za a sha a riga an dama ta tun safe a gida cikin tsabta, wadda aka daka a gabansu ta nuni ce kawai, hannu da yawa ya taɓa ta.

A nan ne Malam ya karɓi rabin awarsa. Ya ɗebi zangarniya ya yi ƙananan dammuna goma a ƙasa ya ce wa yara wannan gonar ruwan sama ne ya shayar da ita, nawa ne haƙƙin mabukata a ciki? Aka yi ta cacar baki, sannan ya ware ɗaya ya ce ɗaya cikin goma. Ya ce in kuwa noman rani ne da manomi ya sha wahalar ban ruwa to ɗaya cikin ashirin ne, kuma ana fitarwa ne lokacin girbi in amfanin ya kai nisabi, ba a jiran shekara ta zagayo. Yaran da lissafin kashi ke ba su wuya a makaranta a nan take suka gane, don da hannunsu suka ƙirga.

Karan nan da na ce a kawo, na aikin hannu ne. Ku nemo dattijo ko magidanci da ya tashi a ƙauye, za ku sha mamakin yawan masu gadi da masu sayar da shayi da suka iya ƙera motar kara da tabarau da keji, hannunsu bai manta ba. Ana ɓare bayan karan a fitar da tsinke tsinke, farin cikin mai laushi kuma a yanka shi gunduwa gunduwa ya zama mahaɗi, a riƙa soka tsinken a ciki har mota ta tashi da tayoyinta. Bayan kara yana da kaifi kamar reza, saboda haka manya su ɓare su yanka tun kafin yara su zo, yara haɗawa kawai za su yi, kada a ba kowane yaro wuƙa ko reza komai girmansa. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara shida a ba su gam da kwali da tsabar wake da masara su liƙa zane, amma babba ya zauna a kansu don wake na shiga hanci. Da wani abu mai sauƙi da ya yi mana kyau sosai, tun sati biyu kafin ranar muka ce kowane gida a tara gwangwanin madara ko na tumatir, aka huda ƙasansu, aka zuba ƙasa, kowane yaro ya shuka wake ƙwaya uku ya rubuta sunansa a jiki ya tafi da shi gida. Wake ba ya jan rai, kafin sati ya tsiro.

Bayan azahar da cin abinci sai wasanni. Langa ga maza in akwai fili mai ƙasa, kada a yi ta kan siminti ko tayil, kuma a haɗa sa'a da sa'a. 'Yan mata carafke da gaɗa, iyaye mata su shiga su nuna musu tafin, za ku ga matar da kullum fuskarta a ɗaure take a shago ta koma yarinya. Dara kuma ba sai an haƙa rami ba, a zana gida 30 a kan kwali, layi biyar gida shida shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki marafan kwalba ɗaya ya ɗauki tsakuwa, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Ku kira tsofaffin da ke buga ta a bakin kasuwa su koyar, sai dai ku gaya musu tun farko yara aka zo koya wa, don in suka samu juna sai su manta da yaran. Dambe ni ban ba da shawarar a sa yara su yi ba ko da wasa ne. In kuna da tsohon ɗan dambe a unguwa, kuma a wajen mahauta ta Oko-Oba ba a rasa su, ya zo ya nuna yadda ake naɗe hannu da zare, ya ba da labarin yadda ake yawon dambe gari gari bayan girbi, ya isa haka.

Tatsuniya a ajiye ta ƙarshe, bayan la'asar jiki ya mutu. A kashe lasifika, a zauna a tabarma, tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, a koya musu su amsa ta zo mu ji ta. Gizo da Ƙoƙi ba sa tsufa. A haɗa da kacici-kacici, baba na ɗaka gemu na waje, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, wanda ya ce hayaƙi ko tsintsiya a ba shi gutsuren rake. Roƙona ɗaya a nan, yaron da Hausarsa ta karye ko ya cakuɗa ta da Yarbanci kada wanda ya yi masa dariya, kada a ce masa ai kai ba Bahaushe ba ne. In aka kunyata shi sau ɗaya a gaban sa'o'insa ya rufe bakinsa kenan. A maimaita masa daidai cikin fara'a a wuce. 'Ya'yan maƙwabta kuma a bar su su faɗi sunan abin da yarensu, yaranmu da nasu duk su ƙaru.

Abinci kada ku wahalar da kanku da shinkafa da kaza kamar biki. Dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara, fura da nono ko kunun gyaɗa, ɗanwake ko dambu da rana, zoɓo mai sanyi a cikin kula, burodin Agege ga ƙananan da ba za su ci komai ba sai shi. Ruwan sha ya wadata sosai, zafin Oktoba da gumi ba wasa ba ne. Kada ku sayi farar robar kumfa ta zuba abinci, gwamnatin Legas ta hana ta tun Janairun 2024, ku ce kowane yaro ya zo da kwanonsa da kofinsa daga gida, sharar ma sai ta ragu. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, ba mai cin komai sai ya wanke hannu, musamman bayan wasan ƙasa da shuka.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a wajena, rajista da tsaro. Shekarar farko mun yi sakaci, muka ce ai duk 'yan unguwa ne an san juna. Wajen ƙarfe biyar wata uwa ta zo ɗaukar ɗanta ɗan shekara shida ba ya cikin hol, ba ya banɗaki, ba ya bayan gini. Na ga yadda matar nan ta zube a ƙasa tana salati, mayafinta ya faɗi ba ta ma sani ba, matasa suka bazu layi layi har bakin titin jirgi, kusan awa guda muna nema kafin a same shi gidan abokinsa ya bi shi kallon talabijin. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Tun daga ranar dokarmu ita ce kowane yaro sai an rubuta sunansa, shekarunsa, lambar wayar mutum biyu na gidansu, da sunan wanda zai zo ɗaukarsa, kuma a tambayi uwa a asirce ko yana da sikila, asma, farfaɗiya, ko akwai abincin da jikinsa ba ya so, don akwai yaran da gyaɗa ke tayar wa da ciwo mai tsanani kuma ranar gyaɗa ce ko ina. Mai sikila a riƙa ba shi ruwa akai akai, kada a bar shi ya jiƙe a ruwan sama ko ya wahala a langa. Ƙofa ɗaya ta shiga da fita, mutum biyu a zaune a bakinta da littafi daga farko har ƙarshe, ba yaron da zai fita sai wanda aka rubuta ya zo ya sa hannu. Babba ɗaya kan yara goma, ƙanana kuma ɗaya kan biyar, mata ke raka 'yan mata banɗaki, kuma kada a bar babba shi kaɗai da yaro a ɗaki rufe ko waye shi. A samu nas ko mai kemis na unguwa ya zauna da akwatin taimakon gaggawa, a rubuta 112 da 767 da manyan baƙi a bango, su ne lambobin gaggawa na Legas. Hoton yara ma kada a watsa a Facebook ko TikTok sai iyaye sun yarda.

In kuna da ƙarfi ku ƙara rana ta biyu ta fita, amma ga manyan yara kawai, daga shekara goma zuwa sama. Tunda watan 'yancin kai ne, ku kai su Tafawa Balewa Square, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore fari kore a 1960, ku gaya musu mutumin da filin ke ɗauke da sunansa ɗan Bauchi ne kuma malamin makaranta ne kafin ya zama Firayim Minista, tutar kuma Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta yana ɗalibi. Daga nan da ƙafa za ku taka zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, a ciki akwai motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Yaranmu sun daɗe tsaye a gabanta ba mai magana, sunan da suka sani a filin jirgi da takardar naira ashirin sai ga shi ya zama mutum. 'Yan Mile 12 da Ketu bas ɗin BRT za ta kai ku har filin Tafawa Balewa, mu na Agege muna iya hawa jirgin ƙasa na Red Line zuwa Oyingbo sannan mu nemi mota, a loda katin Cowry na biyan kuɗin jirgi da BRT tun ana gobe tafiya, ko kuma a yi shatar bas guda in kuɗi ya kai, ya fi kwanciyar hankali. Kada ku je ranar 1 ga Oktoba kanta saboda cunkoso da jami'an tsaro, ku tura mutum kwana biyu kafin ya tambayo lokacin buɗewa da kuɗin shiga na rukuni, ku fita da sassafe ku juyo kafin ƙarfe uku don gosulon yamma. A ƙirga yara lokacin hawa, a ƙirga lokacin sauka, kowane yaro da takarda a aljihu mai lambar wayar shugaban tafiya.

Ranar da aka gama kada kwamiti ya watse sai an share hol, yaran ma a ba su tsintsiya su taya, a ɗaure shara a buhu a ajiye inda motar kwasar shara ta PSP ke ɗauka, a mayar da turmi da faifai gidajen masu su da ɗan abin goro da ragowar gero. Inna da masu koyar da dara da mai motar kara a bi su har gida a yi godiya washegari. Damin da ya rage mu rataye shi muka yi a bangon ofishin hol ɗin, yana nan har yanzu. Shi kuma ɗan ƙanwar tawa wakensa ya yi yaɗo ya kama ƙarfen tagar ɗakinsu, da ya fitar da kwanso huɗu ya kira ni a wayar uwarsa ya ce Kawu kakata ta yi, yaushe za ka zo mu cire na zakka. Na bana mun riga mun yi magana da direban, ya ce dami biyu zai ɗoro, wanda ke son a haɗo da na unguwarsu ya yi magana kafin motar ta taso.